Wane wasa ne ɗan gidan su Mario? Tambayoyi da amsoshi kan wasannin tsalle

Ina da ɗan shagon wasan bidiyo a Sabon Gari, nan Damagaram. Tele huɗu ne, da PlayStation uku, da wata tsohuwar na'urar kaset ƴar China da na ƙi rabuwa da ita. Yaran da ke shigowa da rana ƙwallo kawai suka sani. Amma da dare, in an ɗora shayi a fadarmu da ke ƙofar shagon, tsofaffin hannu ba su da musun da ya wuce wannan: wane wasa ne ya cancanci a sa shi layi ɗaya da Mario, wato jinsin da ake kira platformer da Ingilishi, Faransawa kuma su ce jeu de plateforme? Na gaji da maimaita amsa ɗaya kowane dare, shi ya sa na tara tambayoyin wuri guda. Inda tarihi ne zan faɗe shi a matsayin tarihi. Inda ra'ayina ne, zan nuna nawa ne.

Me sunan yake nufi, kuma me za mu kira shi da Hausa?

Asalin kalmar platformer, dandamali take nufi, wato wurin da ƙafa ke sauka: tudu, katako, ko jerin bulo da ke rataye a sama ba abin da ya riƙe shi. Wasannin sun riga sunan zuwa duniya. A farkon shekarun 1980 mujallun Amurka sun fi kiran su wasannin hawa, saboda yawan tsani a cikinsu, daga baya sunan dandamali ya rinjaya.

Yaranmu kuwa ba su wahalar da kansu. Duk wasan da ɗan mutum ke gudu yana tsallake rami "wasan Mario" ne, kamar yadda kowane garin sabulu Omo ne, kowane dunƙulen miya Maggi. Ni "wasan tsalle" nake cewa, ko da yake sunan yana da ɓaraka, za ku gani a gaba.

Ke nan duk wasan da ake tsalle a cikinsa ya shiga?

A'a. A Mortal Kombat ana tsalle. A GTA San Andreas ana tsalle har ana haura katanga. Mai tsaron gida a wasan ƙwallo ma tsalle yake yi. Ba wanda ya taɓa kiran su ƴan gidan Mario.

Ku duba dambe da kokawa. Ɗan dambe yakan kai ƙafa, yakan ma rungumi abokin karawarsa in an matse, amma ba wanda zai ce kokawa yake yi, don abin da ke raba gardama a fagensa dunƙulallen hannu ne. Haka nan ma. Tambayar ba ita ce ko akwai tsalle ba. Tambayar ita ce me ke kayar da kai, me kuma ke fid da kai.

To mene ne ma'auninka?

Gwaji ɗaya nake yi, kuma shi na fi dogara da shi. A zuci, ka kwashe duk abokan gaba daga wasan, ka bar fili kawai. Akwai sauran wasa?

Ɗauki Super Mario Bros. na 1985. Kwashe kunkuran, kwashe ƴan dodannin nan masu kama da naman kaza, kwashe furen da ke leƙowa daga bututu. Har yanzu ramuka na nan, katakan da ke hawa da sauka na nan, waɗanda ke nitsewa in ka daɗe a kansu na nan. Wanda ya taɓa kai wa duniya ta 8, wato zangon ƙarshe na wasan, ya san yadda tafin hannu ke jiƙewa da gumi gaban wani dogon rami alhali ba dodo ko ɗaya a kusa. Yanzu yi wa Mortal Kombat wannan aikin: mutum ɗaya tsaye a fili yana naushin iska. Wasa ya ƙare.

Abu uku nake nema su haɗu. Na farko, ƙasar da kake takawa ita ce babbar abokiyar gaba: rami, gaɓa, tazara, ƙaya. Na biyu, akwai nauyi da ke jawo ka ƙasa, kuma faɗuwa tana da farashi, ko ta ci rai ko ta mayar da kai baya. Na uku, kuma shi mutane suka fi mantawa, hannunka ne ke auna tafiyar. Kai ke zaɓen inda za ka tashi da inda za ka dira. A Mario, in ka taɓa maɓallin A ka saki, ɗan tsalle zai yi. In ka danne, ya yi sama. In ka riƙe B ka taho a guje, ya yi nisa. Yana cikin iska ma kana iya ɗan jan linzaminsa baya ya dira kan bulo guda. Duk daɗin wasan a cikin wannan ɗan lissafin yatsa yake.

Duk wanda ya tashi a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya yi tsalle daga wannan dutse zuwa wancan ya san abin a jikinsa: ka tsaya a baki, ka auna da ido, ka ja baya taku biyu, zuciya ta ce maka kar ka yi, ka yi. Wasan da ya dawo maka da wannan faɗuwar gaban ta hanyar manet, wato abin riƙewa da ake sarrafa wasa da shi, shi nake kira wasan tsalle.

Wanne ne na farko?

Nan ne tarihi kansa ya rabu biyu. A 1980 kamfanin Universal na Japan ya fitar da Space Panic. Akwai benaye, akwai tsani, kana haƙa rami dodo ya faɗa ka binne shi. Amma ba tsalle ko kaɗan. A 1981 Nintendo ya fitar da Donkey Kong, aikin Shigeru Miyamoto: goggon biri a sama yana gangaro da ganguna, ɗan kafinta mai jar hula yana tsallake su yana hawa. Wannan ɗan kafintan, da ake kira Jumpman a lokacin, shi ne ya zama Mario.

Masu cewa dandamali ne ginshiƙi sai su ba Space Panic kambin. Masu cewa tsalle ne sai su ba Donkey Kong. Ni na fi karkata ga Donkey Kong, don a cikinsa faɗuwa daga sama tana kisa, kuma kuskuren auna tazara laifin yatsanka ne. Space Panic kaka ne. Bayansu Pitfall! na David Crane ya fito a 1982 a kan na'urar Atari 2600, da kada da igiyar lilo da allo 255 da za ka ratsa cikin minti 20. Pac-Land na 1984 ya riga Mario sa fili ya riƙa tafiya gefe yayin da kake gudu. Abin da Super Mario Bros. ya yi shi ne ya haɗa waɗannan a matakai 32 ya gyara su har kowa ya koma kwaikwayonsa.

Akwai wasan tsalle da babu tsalle a cikinsa?

Ga ɓarakar da na ambata. Akwai, kuma ba ɗaya ba.

Bionic Commando na Capcom, wanda ya fito a NES, na'urar kaset ta Nintendo, a 1988, sojan cikinsa ba ya iya ɗaga ƙafa ko kamu ɗaya daga ƙasa. Yana da hannun ƙarfe mai miƙewa da yake cafke rufi da shi, ya yi lilo ya tsallake rami. In ka saki da wuri ka faɗa, in ka makara ka dawo baya. Duk sharuɗɗana uku sun cika. VVVVVV na Terry Cavanagh, 2010, shi kuma juya nauyi kake yi: ka danna, ɗan mutumin ya faɗa sama ya manne a rufi, ka sake dannawa ya dawo ƙasa, ƙayoyi na jiransa ta kowane ɓangare. Shi ma ya shiga ba musu.

Lode Runner na 1983 ya fi ba ni wahala. Tsani da igiya da haƙa rami ne, matakai 150, kuma faɗuwa ba ta kashe ka. Galibi ana lissafa shi a gidan, amma ni ina ganin rabinsa wasan ƙwaƙwalwa ne, ya fi kusa da dara fiye da langa. Captain Toad na 2014 kuwa, duk da cewa ɗan gidan Mario ne na jini, jakar bayansa ta yi masa nauyi har ba ya tsalle, aikinka juya ɗan akwatin duniyarsa ne ka gano hanya. Wannan wasan warware matsala ne, sunan gida kawai ya gada.

Contra fa?

Wannan ce tambayar da ta fi cinye mana sukari. Yayana, wanda shi ya fara kawo na'urar kaset gidanmu daga Kano da ƴan kasusuwan nan rawaya masu alkawarin wasa dubu tara alhali goma ne ake ta maimaitawa, ya rantse Contra wasan tsalle ne. Hujjarsa mataki na uku, na magangarar ruwa, inda ake hawa sama daga dutse zuwa dutse. In ku biyu ne, wanda ya yi gaggawar hawa sai ya ja allon sama, na ƙasa ya mutu ba harsashin da ya taɓa shi. Ya kashe ni haka ya fi a ƙirga, ina kuka yana dariya, har sai Inna ta leƙo ta ce a kashe tele.

Nakan ce masa: Yaya, wannan mataki ɗaya ne. Kwashe sojojin da bindigogin daga sauran, me ya rage? Ɗan gudu da ƴan ramuka. Mataki na biyu da na huɗu ma daga bayan sojan ake kallo, harbin bango kawai ake yi. Abin da ke ci maka rai a Contra harsashi ne, shi ya sa kowa ya haddace sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A don ya sami rai 30. Wasan harbi ne da ya ari tsalle. Mega Man na 1987, shi ma da bindiga a hannu, na fi yarda da shi, saboda bulo masu ɓacewa da ramukansa sun fi dodanninsa kisa.

Yayana bai yarda ba har yau. Cewa yake yi wanda aka yi ta kashewa a magangara ba shi da bakin magana.

Dole ne a riƙa kallon wasan daga gefe?

Ba dole ba. An daɗe ana zaton haka don kusan dukkansu haka suke, har 1996 ta zo da wasanni uku da suka wargaza zancen. Super Mario 64 ya sake ka a fili mai faɗi da tsawo da zurfi, ka nemi taurari 120 ta inda ka ga dama. Crash Bandicoot na Naughty Dog, wanda mu nan muka fi sani saboda PlayStation ce ta cika gari, ya sa ka a siririyar hanya kana kallon bayansa, wani lokaci ma ya juyo yana gudu zuwa gare ka ƙaton dutse na bin sa. Tomb Raider kuma ya mai da kowane tsalle lissafi: ka je baki, ka ja baya taku ɗaya, ka taho a guje.

Abin da ya canja shi ne wahalar auna nisa. Daga gefe ido na ganin tazara sarai. A fili mai zurfi kuwa sai ka rasa ko ka kai ko ba ka kai ba. Shi ya sa masu ƙira ke sa inuwa ƴar kewayayya daidai ƙarƙashin ƙafar ɗan wasan, ko ina rana take. Lura da yaron da ya ƙware a Crash, ba Crash yake kallo ba in yana sama, inuwarsa yake kallo.

Assassin's Creed da Uncharted fa? Ai hawa da tsalle ne cike da su.

Ido ne ke ganin tsalle, hannu ba ya yin sa. A Assassin's Creed ka danne maɓalli ka tura sanda gaba, mutumin ya hau hasumiya da kansa, ya zaɓi inda zai kama. Zelda: Ocarina of Time na 1998 ma haka, in ka iso baki a guje shi ke tsallakewa. Sharaɗi na uku ya faɗi. Kamar bambancin mai tuƙa kabu-kabu da wanda aka goya ne: hanya ɗaya suka bi, amma ɗaya ne ya kauce wa ramukan.

Na waya fa, irin su Subway Surfers da Temple Run?

Ƙannena mata sun fi kawo wannan. Temple Run ya fito a 2011, Subway Surfers a 2012, kuma kafin su akwai Canabalt na 2009 mai maɓalli ɗaya tak. A dukkansu gudun ba naka ba ne. Ba ka tsayawa, ba ka ja da baya, ba ka auna komai, saurin ido kawai ake gwadawa. A Subway Surfers layi uku ne, ka share yatsa hagu, dama, sama ko ƙasa. Na ɗauke su jikoki, ba ƴaƴa ba. Flappy Bird kuwa bai ma shigo layin ba, tunda ba inda ake dira.

Amma in faɗi gaskiya, Super Mario Run na 2016 ya ɗaure ni. Shi ma da kansa yake gudu, sai dai tsawon tsalle na hannunka, matakan kuma da hannu aka tsara su, suna da farko da ƙarshe, ba injin ke jero su ba iyaka ba. Wata ƙanwata ta ce, "Yaya, in Mario da kansa bai ci jarrabawarka ba, jarrabawar ce ba ta da kyau." Na ba shi rabin maki na yi shiru.

Wanda ba na musu a kansa shi ne Bounce, jar ƙwallon nan ta tsofaffin wayoyin Nokia. Kai ke mirgina ta, kai ke auna tashinta, ƙaya na fasa ta. Mutane da yawa a garin nan da ita suka fara wasan tsalle ba su san sunan jinsin ba.

Ina za a sa Metroid da Hollow Knight?

Reshe ne na gidan. Metroid da Castlevania duk a 1986 suka fito, kuma bayan Symphony of the Night na 1997 aka haɗa sunayen biyu aka sa wa jinsin Metroidvania. A nan ba daga hagu zuwa dama ake tafiya a gama ba. Duniya ɗaya ce mai lunguna kamar cikin Birni, ka ga wata gaɓa ta fi ƙarfin tsallenka, ka wuce, bayan awa biyar ka sami takalmi ko fiffike ka dawo ka hau. Tsallen ya zama mabuɗi. Hollow Knight na 2017 yawancinsa faɗa ne da yawo, amma wanda ya shiga farar fadar nan mai cike da zarto mai juyawa ba zai ce ba wasan tsalle ba ne.

Me ya sa tsallen wani wasa ke da daɗi, na wani kuma kamar an ɗaura wa mutum dutse?

Wani lokaci da gangan ne. A Castlevania na farko da Ghosts 'n Goblins, in ka tashi ka tashi ke nan, ba gyara a iska, sai inda ka faɗa. Prince of Persia na Jordan Mechner, 1989, ya ɗauki hoton ƙaninsa yana gudu yana tsalle ya zana a kai, shi ya sa yariman ke da nauyin mutum na gaske, sai ya ɗauki taku kafin ya tashi. Sonic na 1991 kuma a kan ƙarfin gudu aka gina shi, gangara ta ƙara maka, hawa ya rage maka.

Na zamani kuwa suna yi maka alfarma a ɓoye. Celeste na 2018, wanda yarinya ke hawan dutse kuma kusan ba dodo a cikinsa, yana barin ka yi tsalle ko da ƙafarka ta ɗan wuce baki da ƙiftawar ido. In ka danna kafin ka gama dira, yana riƙe maka dannawar ya cika ta da ka taɓa ƙasa. Ba ka ganin wannan, sai dai ka ji manet na yi maka biyayya. Kuma in ka mutu, nan take ka dawo farkon allon. Ka kwatanta da zamaninmu, da za ka kai duniya ta 7 a ɗauke wuta, ka koma 1-1, matakin farko. Sai da na girma na ji cewa in rai ya ƙare, riƙe A da danna Start na mayar da kai farkon duniyar da ka mutu. Wuta kuwa ba ta da wannan maganin.

Jinsin bai mutu ba?

Masu ganin ƙwallo da harbi kawai a shaguna ne ke zaton haka. It Takes Two ya ci kyautar wasan shekara a The Game Awards a 2021, Astro Bot ya ci a 2024.

Wai me wannan musun zai ƙara wa mutum?

Ga mai shago yana da amfani. Kwanaki wani dattijo maƙwabcinmu ya zo da kwamfutar ɗansa, ya ce, "Ɗana, sa wa jikata wasa irin na Mario, ta dame ni." Yarinyar ba ta wuce shekara bakwai ba. Ina cikin hidima, na ga Cuphead na 2017, zanensa kamar katun na yara, ana gudu ana tsalle daga gefe, na sa mata. Bayan kwana biyu ya dawo da ita, idonta ya yi ja. Ko dodon farko ba ta wuce ba. Cuphead kusan dukkansa faɗa ne da manyan dodanni, jinin Contra ne sak, manya ma na jifa da manet a kansa. Da na yi gwajina na kwashe abokan gaba, da na ga ba abin da zai rage mata.

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, laifina ne." Na zaunar da ita gaban tsohuwar na'urar kaset, na hura kaset ɗin kamar yadda muka saba, na sa mata 1-1. Dodon farko ya kashe ta sau biyu. A na uku ta tsallake shi, ta buga bulo da ka, naman kaza ya fito ya bugi bututu ya dawo kanta, Mario ya girma. Ta juyo ta kalli kakanta. Da magariba ta yi sai da ya ɗauke ta cak, manet ɗin na hannunta, igiyar na jan na'urar daga kan teburi.